Bunsurun Kirsimetinmu na Biyu a Tsafe

Aikin layin dogo ne ya kai mu Tsafe, a shekarun da ake shimfiɗa shi daga Zariya zuwa Gusau. Babanmu Ishaku shi ne shugaban wani rukunin leburori, kuma da yake babu fasto a kusa, shi ke jagorantar addu'a ran Lahadi a zaurenmu, mu da wasu Kiristoci biyar ko shida. Duk unguwar Musulmi ne, kuma sun riƙe mu hannu biyu. Musamman Malam Labbo, mai gidan da ke kallon namu, wanda matarsa ce ta karɓi haihuwar ƙanena.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce mai murhu. Da an cinye tuwo sai ta ja itace ta gyara wuta, ta zuba gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai bakin tsiya. Ni takan ce mini, "Ƙawata mai kunnen zomo, matso, kada ki ce ban gaya miki ba." In ka yi gyangyaɗi kuwa, ɓawon gyaɗa za ka ji a goshi.

Kirsimetinmu na farko a garin ya bar mana tabo. Baba ya sayi bunsuru ya yanka da hannunsa, yadda ya saba. Inna ta yini tana girki, muka rarraba akussa gida gida. Kafin la'asar akussan suka dawo. An ɗauki waina, an sa mana goro da godiya, amma naman ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba, domin ba Musulmi ne ya yanka ba. Baba ya tsaya a kansu yana huci. "Wato hannuna ƙazanta ne? Hatsina ana ci, ruwana ana sha, sai wuƙata ce haram?" Daga ranar, tsakaninsa da Malam Labbo sai gaisuwar nesa. Shekara guda cur!

Da Kirsimeti na biyu ya matso, ya sake ɗaure bunsuru a gindin zogale, ya ce shi zai yanka, kuma ko akushi ɗaya ba zai fita gidan ba. Inna ta roƙe shi ya kai wa Malam ya yanka don kowa ya ci. Ya ce shi da yake tsayawa gaban mutane ran Lahadi, ba zai je ƙofar wani yana roƙo ba. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san in ranar ta wuce a haka, zumuncin ya mutu ke nan.

A jajibere, bayan tuwo, Baba na gefe yana wasa wuƙa a dutse. Kaka ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga dawa tana neman masu kunne." Muka ce ta zo mu ji ta. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai namun daji suka naɗa Raƙumin Dawa sarki, don yana hango nesa. Da murna ya shirya musu walima. Ya tara kanya da ɗinya da zuma, bai yi rowar komai ba, ya jera su a kan rassan gawo, daidai bakinsa. Namun daji suka zo, suka ɗaga kai har wuya ya ƙage, suka tsinci abin da ya faɗo, suka yi godiya suka watse. Sarki ya fusata, ya ce an raina abincinsa, ba zai ƙara kiran kowa ba. Sai Bushiya ta gangaro ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ƙi ka ba. Inda ka ajiye ne bakinmu ba ya kai." Ya ce, "To ku yi tsawo mana!" Ta ce, "Mu ba mu iya tsawo, amma kai ka iya sunkuyawa."

Nan Kaka ta miƙe, tsofai-tsofai da ita, ta wage ƙafafu ta turo ƙugu sama, tana nuna mana yadda Raƙumin Dawa ya sha wuya kafin ya sauko da kayan ƙasa, gwiwa na ƙara, birai na ta ƙyalƙyala masa dariya. Muka yi ta birgima. Ta ce amma ranar kowa ya ƙoshi, kuma har yau ba a sake sarki ba.

Na ce, "Kaka, bai ji kunya ba?"

Ta ce, "Ya ji mana, ƙawata. Sai dai kunyar ba ta kashe shi ba. Ke, Wanda za mu yi wa biki gobe, daga ina ya sauko? Ai bai zauna a sama ya ce mu yi tsawo ba. A sakarkarin da dabbobi ke cin abinci aka kwantar da shi." Ta kakkaɓe zaninta. "Ta ƙare, mai kunne ya kwasa."

Ƙarar dutsen nan ta tsaya. Baba ya ce, "Iya, da ni kike?"

"Ni da jikokina nake. In ta shiga kunnenka, iska ce ta kai."

Da gari ya waye na ga Baba yana kwance bunsuru, fuskar nan a murtuke. Muka leƙa ta jikin darni. Ya yi sallama a ƙofar Malam Labbo, muryarsa kamar ba tasa ba, ya ce, "Malam, taimako na zo nema. A yanka mini."

Malam ya fito da wuƙa a hannu, tana sheƙi. Ya ce, "Ishaku, tun shekaranjiya nib bai wa maƙeri ita, ina jiran in gani ko kana zuwa. Wallahi naman ga da munka maido maka bara, ni kaina ban yi kwanan kirki ba. Addini na, ba ƙiyayya ba." Ya kama igiyar. Rannan akussa suka fita goma sha ɗaya, suka dawo a suɗe. Inna na wanke su tana waƙar coci, har da rawar kafaɗa.

Lokacin ina yarinya, na ɗauka Kaka ta ci Baba da wayo ne kawai, kuma abin ya yi mini daɗi. Sai da na girma aka ɗora mini jagorancin matan cocinmu a Gusau, na gane yadda mutum ke yin alheri da zuciya ɗaya ya ajiye shi inda ya fi masa sauƙi, sannan ya yi fushi da waɗanda suka kasa ɗauka. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ni da ke da zuciyar ubana. Bangaskiyar Baba ba ta ragu da komai ba don wani ya riƙe wuƙa, ta Malam ma haka.

Da Baba ya tsufa a hannuna, na taɓa tambayarsa ko abin ya yi masa ciwo. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ciwo kai! Taku ashirin ne daga ƙofarmu zuwa tasa. Na yi tafiye-tafiye a duniyar nan, Rahila, amma ban taɓa yin mai nisan wannan ba. Da na san a bakin ƙofa yake jirana, da tun shekarar farko na tafi."