Dashen da ya shigo da ciwo garkarmu

Garkarmu ta Hamdara ba wata babba ba ce, amma itacen lemun tsamin da babana ya dasa kafin rasuwarsa su ke riƙe da gidanmu. Inna tana ji da su fiye da yadda take ji da mu, mun kuma san haka.

Wata ranar kasuwa a Damagaram na ga wani mutum a bakin titi da amalanke cike da dashen lemu cikin baƙaƙen ledoji. Ganyen sai ƙyalli yake. Ya rantse mini ɗan aure ne, daga garkarsa ya fito da shi da safen nan, lafiyarsa ƙalau. Na ɗauki kaɗan, Inna ta sa aka dasa su kusa da rijiya, a inuwar tsofaffin.

Ruwan farko da ya wanke ganyen, ƙyallin ya tafi. Ashe mai ya shafa musu, maƙaryacin banza. Da na juya ganye ɗaya sai na ga wani farin abu kamar auduga ya manne, yana motsi a hankali. Kafin damina ta yi nisa abin ya haye tsofaffin itacen, ganye ya yi baƙi yana danƙo, 'ya'yan suna zuba tun ba su ƙosa ba. Kullum da safe tsoron shiga garkar nake, don na san zan tarar da wani reshen ya kamu. Ga garkar kawuna, shinge kawai ya raba mu.

Na koma wajen mutumin da reshe a hannu. Bai ko dube shi ba. Ya ce dashe ba riga ba ne da za a mayar, ciwon ma a ƙasarmu yake. Da na ce zan kai ƙara, sai ya matso kusa da ni, ya sassauta murya.

"Kai ba ɗan Hamdara ba ne? Ai na san garkarku."

Na zo da faɗa, na koma gida a tsorace. Itace ba ya gudu, kuma gatari ba shi da tsada.

A gida Inna ta hana ni zuwa wajen ma'aikatan gandun daji. A ƙauyenmu ba a kiran masu kaki cikin garka, kowa ya san da sara suke zuwa. Ta ce mu yayyafa toka da ruwan ganyen bedi, wato dogon yaro, mu rufa wa kanmu asiri. Muka yi ta yi, abin bai ko girgiza ba. Ni kuwa gaba kura baya sayaki: in yi shiru ciwon ya cinye mu har da kawu, in yi magana a zo a sare.

Ranar da na ga farin abin a reshen da ya leƙa garkar kawu, ban shawarci kowa ba. Na ƙulle reshen a leda na tafi biro, ofishin ma'aikatan gandun daji. Na daɗe a ƙofa, kamar ni ne ɓarawon. Ma'aikacin ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce mai sayen dashe yana da ikon juya ganye, ya duba saiwa, ya tambayi garkar da aka reno shi, kuma kawo ƙara ba laifi ba ne. Ya ce ba ni kaɗai mutumin ya cuta ba, sauran dai tsoro ya hana su zuwa. A satin aka kwashe kayan amalanken aka ƙone. Shi ban sake ganinsa ba, amma na daɗe ina waiwaye in zan shiga kasuwa.

Sai kuma abin da Inna take gudu ya zo. Ma'aikatan suka zagaya garkar, suka ce yawancin itacen za a rage musu rassa a yi feshi. Manyan biyun da ke bakin rijiya kuwa, waɗanda babana ya fara dasawa, sun riga sun tafi, sai a sare a ƙone.

Na zaci Inna za ta zage ni a gaban mutane, da hakan ma ya fi mini sauƙi. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki guga ta zura a rijiya, ta ce wa mai gatarin:

"Dakata, ɗana. Yau ba su sha ruwa ba tukuna."