Shuɗin Hannun Yayana Tsuneo

Shekara arba'in da bakwai Yayana Tsuneo yana rini a Tokushima, cikin tukwanen da babanmu ya bari. Kullum da safe sai ya dangwali ruwan baba ya ɗanɗana, ya ji ko tukunya tana lafiya. In ta yi rauni ya ba ta dusar alkama, ya lulluɓe ta kamar jaririya. Hannunsa ya rine shuɗi, ba sabulun da ke fitar da shi. Saboda hannun nan gida biyu suka hana shi 'yarsu.

Yanzu kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido ake turo mana, wai su koyi rini cikin awa ɗaya. Ni ke raba musu ƙyalle da safar hannu. Yakan ce su tsoma, su fitar da ƙyallen yana kore, su jira iska ta mai da shi shuɗi, har sau goma. A na uku sun gaji, sun zaro waya.

Jiya wata ta cire safarta ta tsoma hannu, duk man shafawa, wai tana so ya zama irin nasa. Maiƙo kuwa kashe tukunya yake yi. Shi gogan sai ya rusuna mata, har da godiya.

Da suka tafi na ce, "Yaya, bakinka ciwo yake? Wahalar wata huɗu fa ta ɓata maka."

Ya juya hannun yana kallo. "Sumie, ita ce mace ta farko da ta ce yana da kyau."