Tozon Shanun Faransa

Duk wanda ya san Baba Nomau, ƙanen mahaifina, ya san tsayuwar nan tasa: hannu a baya, kai a karkace, sai ka ji, “Ba haka Allah ya yi ta ba!” Ya taɓa sauka daga jaki a hanyar Jiratawa don ya gyara jinkar rumbun wani. Mai rumbun ya biyo shi da sanda, shi kuwa yana waiwaye yana cewa, “Ka yi godiya baya!”

Kuku ne a gidan wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Maraɗi, wanda kowa ke kira Mushe. Mushe ya iya zane. Ya zana gonar ubansa ta Faransa ya rataye a falo: ciyawa shar, mace da tulun nono, shanu bakwai. Baba ya kwana uku yana kallo, sannan ya kasa haƙuri.

“Mushe, yunwa anka yi garinku? Shanun ga ba tozo!”

“Haka namu suke, Nomau.”

“Ba haka Allah ya yi su ba.”

Da Mushe ya tafi hutu, sai ya damƙa masa makulli. Kura da ajiyar nama! Baba ya dama farar ƙasa da ƙaro, ya ɗora wa kowace saniya tozo kamar na bijimin Tsibiri. Matarsa, Inna Hajo, ta ɗora hannu a ka.

“Malam, ka kai kanka kaso, gidan yari! Mi za mu ci?”

“Ke dubi ta tsakiyar nan, ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba?”

Ranar da Mushe ya dawo, sai ya wuce falo. Ya tsaya gaban zanen ya yi jajir.

“Wa ya taɓa mini wannan?”

“Ni ne. Dukiyar ubanka ce, ban iya barin baƙi su yi mata dariya.”

Can sai Mushe ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce ubansa ya mutu bai taɓa ganin shanunsa da ƙiba haka ba. Baba ko murmushi bai yi ba.

“Saura rumbu, Mushe. Gona ba rumbu?”

Da Mushe zai koma Faransa, ya bar wa Baba zanen. Yana nan a zaurenmu, da rumbunsa. Kullum na kalle shi sai kewa ta kama ni. Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya gyara masa makwanci yadda ba zai sami abin gyarawa ba.