Festy da Tunkiyar da Ta Ceci Filin Golf

Ƙarfe shida na safe, ko ana ruwa ko ana iska, kuma a garinmu Portavarna galibi duka biyun ake yi, za ka hango Festy Conneely yana tura baro zuwa filin golf na bakin teku. A cikin baron akwai shebur, manjagara, ƙarfen huda rami, da filas ɗin shayin da matarsa Nuala ta cika masa. Aikin farko shi ne kwashe tsarabar da tumaki suka bari. Filin namu makiyayar gari ce tun kaka da kakanni, golf ne baƙon da ya zo daga baya ya samu wuri ya miƙe ƙafa, don haka tumaki suna kiwonsu, masu sanda suna wasansu. Ramuka tara gare mu, kowanne da lallausar ciyawa kewaye da shi, an zagaye ta da wayar lantarki iya gwiwa. Festy zai tsallake wayar, ya duƙa ya shafa ciyawar kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya huda sabon rami, ya toshe na jiya, ya kafa tuta. Kafin mai wasa na farko ya gama ɗaura takalmi, shi ya gama zagaye tara.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan, sai ranar Asabar da ta wuce ya ajiye aiki. A ɗakin kulob akwai allon da ake rubuta sunayen zakaru da ruwan zinariya, ka duba daga sama har ƙasa babu Festy. Ba zai ma shiga ba, domin bawan Allahn nan bai taɓa buga golf ba ko sau ɗaya. In an tambaye shi sai ya ce, "Mutum da hankalinsa, ƙwallo yana hannunsa, ya maka masa sanda ya yi nisa, sannan ya tafi nema? A'a, ni dai ku bar ni da shebur."

Waɗanda suka ga shekarar da teku ta yi amai ta rufe rami na huɗu da duwatsu suna nan da ransu. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana tsince su da hannu cikin bokiti, don ya ce motar kwasa za ta kashe ciyawa. Nuala ta ce har yau bayansa bai yafe masa ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru shekara uku da suka wuce.

A lokacin kulob ɗin yana gargarar mutuwa. Matasa sun tafi birni, tsofaffi suna ta komawa maƙabartar bayan coci ɗaya bayan ɗaya, 'yan wasa ba su fi talatin ba. Kwamiti ya yanke magana: akwai wani kamfani mai yawo da baƙi a bas, yana zagaya wannan tsibirin namu da su daga wannan fili zuwa wancan. In ya sa mu cikin jerinsa, mun rayu. In ya ƙi, a rufe fili kafin hunturu, ƙaya ta cinye aikin Festy. Kamfanin ya ce zai aiko wata mai dubawa daga babban birninmu Dublin, Dervla Considine, ranar wata Talata.

Shugaban kulob, Malachy Tierney, tsohon mai kantin magani ne, kuma benci ɗaya suka zauna da Festy a firamare. Ya same shi cikin ɗaya daga manyan ramukan yashin da ke filin yana ja da manjagara.

"Festy, ranar Talata ba na son ganin tunkiya ko ɗaya a filin nan."

"To su je ina? Coci?"

"Bayan cocin ma, akwai shinge. Matar nan ta saba da filayen da ake wa ciyawa aski da almakashi. Ba zan bari ta taka kashi da farin takalmi ba."

"Malachy, kai ka san maganin tari, ni na san filin nan. Ka bar dabbobin nan inda Allah ya ajiye su."

"Ni ne shugaba!"

"Tun muna aji uku kake faɗar haka."

Shugaba dai shugaba ne. Aka kora tumaki fiye da ɗari aka kulle. Ɗaya ce kawai ta kuɓuta, wata tsohuwa mai taurin kai da Festy ya raɗa wa Philomena, sunan surukarsa, wai su biyun ba a taɓa gaya musu magana sun ji ba. Festy ya rantse tsallake shinge ta yi. Tunkiyar da ko kwalbati ba ta iya tsallakewa!

Talata ta zo da rana tarwai. Malachy ya sha sabon farin wando da sabuwar hula. Dervla ba ta da yawan magana, ta buga, ta rubuta a ɗan littafi, ta wuce, Festy yana biye da su da baronsa. Bayan rami na biyar ta ce, "Fili mai kyau, tsaf-tsaf. Sai dai irinsa na ga wajen arba'in a tsibirin nan." Festy ya ji maganar sarai. Ya san me ake nufi da ita, ba za mu shiga jerin ba ke nan, kuma ya ji tsoro, tsoron da bai ji ba ranar da teku ta hau fili.

A rami na shida, wanda ya fi kowanne nisa da ɗakin kulob, Philomena ta daina kiwo. Ta ɗaga kai, ta juya wa teku baya, ta taka a hankali ta shige ramin yashi mai zurfi ta kwanta jikin bangonsa. Festy ya saki baro.

"Baiwar Allah, bar ƙwallon nan ki biyo ni."

"Zuwa ina?"

"Inda tunkiya ta shiga. Hadari na tafe."

Malachy ya yi dariyar yaƙe. "Kada ki kula shi. Rediyo ya ce rana har yamma. Festy, don Allah kada ka ba mu kunya."

"Rediyo yana Dublin, Philomena tana nan."

Dervla ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ta dubi fuskar Festy, sai ta ɗauki jakarta ta bi shi. Malachy ya tsaya yana gyara tsayuwa, wai zai nuna yadda ake bugu. Ba a yi minti goma ba teku ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙanƙara kamar ana watsa tsakuwa. Hular Malachy ta kama hanyar Amurka. Laimar da ya buɗe ta juye. Da rarrafe shugaba ya iso ramin, Philomena ta ƙi matsawa, ya zube inda ya samu. Ashe daidai nan ta gama biyan buƙatarta. Farin wandon nan ba a sake ganinsa a gari ba.

Suna tsugune, ƙanƙara na wucewa ta saman kansu, Festy ya zuba wa baƙuwa shayi a murfin filas. Ta tambaye shi wa ya tsara ramin nan da iska ba ta shiga. Ya ce babu wanda ya tsara, tumaki ne suka haƙa da jikinsu suna fakewa, kakanni suka tarar da shi haka, shi kuma bai taɓa cike ko ɗaya ko ya matsar da shi ba. Ya ce ciyawar da take yabawa ma rabin askinta nasu ne.

"To ina sauran?" in ji Dervla.

Malachy ya yi gyaran murya. "Sun ɗan tafi hutu."

"Suna kurkuku bayan coci," in ji Festy.

Ta yi dariya har shayi ya zube mata a takalmi. Bayan mako biyu takarda ta iso: an sa Portavarna cikin jeri, bisa sharaɗi ɗaya, a mayar da tumaki gaba ɗayansu. Yau bas-bas suna tsayawa ƙofar kulob, baƙi suna ɗaukar hoton Philomena fiye da yadda suke buga ƙwallo, Malachy kuwa yana gaya musu tun farko shawararsa ce.

Kai ne ka riƙe filin nan, Festy, sarkin shebur. Kai ne ka san dabba ba ta ƙarya don a yaba mata, ka tsaya kan abin da ka sani ranar da kowa ke son ɓoye abin da muke da shi. Ranar Asabar muka taru muka yi maka jawabai, sannan muka nuna iya saninmu da kai: muka ba ka kyautar sandunan golf sababbi fil. Ka karɓa ka yi godiya. Nuala ta ce tuni ka kafa su a lambun gida, wake yana hawa.

Mun gode, Festy, da gaske muke. Ba don kai ba da yanzu ƙaya ce a rami na shida. Ku kuma masu tasowa, duk aikin da ya faɗo hannunku, ko na kwasar kashi ne, ku san shi ciki da bai yadda mutumin nan ya san nasa, kuma kada kunyar baƙo ta sa ku kulle abin da ke ciyar da ku.

Jiya Litinin Malachy ya fito yawo da karensa ƙarfe shida da rabi, ya hango mutum da baro cikin yayyafi.

"Festy! Ba mun sallame ka ranar Asabar ba?"

Festy bai ko ɗago ba, ya cika shebur ya juye a baro.

"Ni kuka gaya wa. Akwai wanda ya je ya gaya wa tumaki?"