Gwabar Yayana

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka a Kurfai, garkarmu ce kawai ta rage kore a bakin fadama, kudu da Filinge. Mahaifinmu ya bar mana ita, ni da yayana, darni ya raba mu, rijiya ɗaya muke ja. Da itatuwan daji suka bushe, duk wani ƙwaro mai fiffike ya gano hanyar gwabarmu. Mafi muni shi ne wani ɗan malam-buɗe-littafi mai launin toka, irin mai fitowa da magariba. Yakan yi ƙwai a jikin gwaba, ka ɓare ta ka tarar da tsutsa ta riga ka.

Na je wurin ma'aikacin noma na nemi magani. Ya ce feshi kaɗai ba ya yi. In tsince duk wadda ta faɗi in binne da zurfi, in jiƙa 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, in yayyafa, in rataye gwangwanaye da ruɓaɓɓiyar gwaba da ruwa don ƙwarin su faɗa ciki, in saki kaji a gindin itace. Ya ƙara da cewa, "Amma sai maƙwabcinka ya yi shi ma."

Na gaya wa yaya. Yana kishingiɗe a inuwa ya ce, "Kai ƙanena, mutane na neman hatsi, kai kana hwaɗa da malam-buɗe-littahi? Wanga aikin 'yan lakkwal ne, 'yan boko."

Na yi nawa. Bayana ya ƙage don sunkuyo, hannuna ya yi ta ɗacin bedi har matata ta daina cin tuwo kwano ɗaya da ni. A banza. Gwabar yaya na zube a ƙasa tana ruɓa, tsutsa na girma, magariba na yi ƙwarin su tsallako darni. Rannan ma awakinsa suka fasa darnin, suka shanye ruwan gwangwanayena, suka tauna igiyoyin.

"Yaya, don Allah ko tsinta ka yi!"

"Mi ka ci maka rai? In ka ga ta dame ka, ƙohwa a buɗe take."

Na shiga kuwa, ina huci. Na riƙa tsince tasa bayan na gama tawa, na haƙa masa rami, na rataya masa gwangwanaye, har ruwan bedin ni na daka. Ko sannu bai ce ba, sai dai ya nuna mini da sanda inda na tsallake.

Da gwaba ta nuna, tasa ta fi tawa kyau, don itatuwansa sun fi kusa da rijiya. A kasuwar Filinge na iske shi mutane sun kewaye kwandonsa, yana ce musu shi bai taɓa wahalar da kansa ba, haƙuri ne kawai. Ya hango ni, ya miƙo mini guda.

"Ɗanɗana ka ji, ƙanena."

Na karɓa na ci. Yayana ne, me zan ce masa a gaban jama'a?