Budurwar Burma

A ƙauyenmu da ke bayan garin Linxia, a ƙasar Sin, kowa sunansa Ma. Liman Ma ne, mahauci Ma ne, wanda ya sace wa mahauci tunkiya shi ma Ma. In ka tsaya bakin masallaci ka kira sunan, gari duka zai waiwayo, har da mu da kunnenmu ya yi nauyi. Laƙabi ne ke raba mu, kuma ba mai zaɓar nasa.

Ma Nuhai direban babbar mota ne a ƙuruciyarsa. Wata shekara ya kai fatun tumaki kudu, har bakin iyakar Burma. A kasuwa ya ji ana ta kiran Ma, Ma, sai ya kutsa cikin mutane yana amsawa, yana jin daɗi an san shi har can. Ashe wata mai sayar da mangwaro ake kira, domin a wurinsu kowace budurwa Ma ake ce mata. Abokin tafiyarsa Ersa ko kaya bai sauke ba ya baza labarin a gari. Tun daga ranar Nuhai ya zama Budurwar Burma.

Ya yi ta fama. Ya ce ai a Vietnam akwai kogi sukutum mai sunan Ma, me zai hana a ce masa Nuhai Kogi? Ya ƙara da cewa a Indiya ma uwa Ma ake ce mata, wanda gara da bai faɗa ba, don sai da ya shekara ana ce masa Inna. Da gemu ya yi fari ya yanka rago, ya dafa shayin dabino, ya roƙi dattawa su bar sunan nan. Muka cinye naman tas. Ersa ya lashe yatsa ya ce, "Sannu da aiki, budurwa, kin iya girki."

Abin da ke hana Nuhai sakat shi ne ranar mutuwarsa, kada a faɗi wannan suna a lasifikar masallaci jikokinsa na ji. Ya dinga zarya gidan liman har liman ya gaji ya ce shi ke nan, daga yau ba wanda za a sanar da rasuwarsa da laƙabi.

Ba a jima ba wani Ma Nuhai ya rasu, wani shiru-shiru mai sayar da gishiri a bayan tudu. Aka sanar da sunan tsurarsa. Muka kwasa gidan namu Nuhai, muka same shi a zaune da kwanon taliya. Ersa ya shigo yana ɗingishi, hawaye har gemu, ya tsaya yana kallonsa.

"Tsohon banza, ba ka mutu ba?"

"Ban ji an ce ba," in ji Nuhai.

Mu ba ma jinkirta gawa. Kafin mu gane, mu hau tudun da ƙafafunmu na tsofaffi, an riga an yi wa mai gishiri salla da sahu ɗan ƙanƙani. Ga shi kuma wani ya buga wa 'yar Nuhai waya a birnin Lanzhou. Ta ɗauko shatar mota tana kuka duk hanya, ta iso ta ga ubanta yana shara a tsakar gida. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Washegari Nuhai ya je ya yi wa matar mai gishiri ta'aziyya, ya biya gidan liman. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce a koma yadda ake, in tasa ta zo a faɗi sunan da gari ya sani.

"Dukansa, Baba Nuhai?"

"Dukansa, Malam. Sai dai ka ɗan sassauta murya a wurin budurwar."