Baba Indararo da Gangaren Mama

Ku 'yan unguwarmu ta Takoma Park, nan kusa da Washington, kun san shi. Da zarar hadari ya haɗu, kowa na gudu ya shige gida, shi kuma a lokacin yake fitowa da tsohuwar lemarsa mai karyayyen ƙarfe, ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga kai yana kallon rufin mutane. Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Ina ruwa zai bi?" Shi ya sa mijina Bitrus ya laƙaba masa Baba Indararo. Da muka fassara masa, sai tsohon nan ya cire hula ya yi godiya, wai ba a taɓa karrama shi haka ba.

Bature ne ɗan Ingila, mai zanen gine-gine. Bayan rasuwar matarsa ya dawo wurin 'yarsa, maƙwabciyarmu. Ni da na ji mai zanen gine-gine, na ɗauka irin masu benen da ke taɓa gajimare ne. Ina! Duk aikinsa a wani ɗan gari ya yi shi, garin da ya ce tumaki sun fi mutane yawa. Rumfar jiran bas, ɗakin likitan dabbobi, rufin zauren coci, shi ke nan. Wata rana ya buɗe walat zai nuna mini hoto, har na shirya cewa "Kai, jikan nan kyakkyawa ne!" Sai ga hoton bayan gidan kasuwa.

"Baba, masai ne fa wannan!"

"Masai ne," in ji shi, yana shafa hoton. "Bai taɓa yoyo ba."

Malam Isuhu, ɗan Nijar ɗin nan mai tasi, ya taɓa ɗaukarsa kyauta ya kai shi cikin Washington ya ga manyan fararen gine-gine. Da suka dawo Malam Isuhu har yana huci. "Madam, wallahi tsohon ga ya ba ni kunya! Kowa yana ɗaukar hoto a gaba, shi ya zagaya baya ya durƙusa yana leƙen kwata. Har ɗan sanda ya zo yana tambayata ko lafiyarsa ƙalau!"

Maƙo kuwa, ba a magana. Fensirinsa bai kai ɗan yatsana ba, kuma bai taɓa zane a sabuwar takarda ba, sai a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Na saya masa sabbin fensirori na Kirsimeti, ya mayar mini, wai na hannunsa yana da sauran shekara biyu.

To, sai mahaifiyata ta zo daga Jos bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙofarmu matakala biyar ce, Mama kuwa a keken guragu take, kuma ta rantse ba mai ɗaukarta kamar buhun masara a gaban maƙwabta. Wata huɗu ba ta leƙa waje ba in ba asibiti ba. Kullum na dawo daga aiki maganar ɗaya ce: "Ke Rifkatu, ki mai da ni gida in mutu a inda ake ganin rana." Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san in ta koma ba mai kula da ita. Tsoro ya kama ni sosai.

Bitrus ya sayo katako, ya ce ranar Asabar zai buga mata gangare. Bai buga ƙusa uku ba sai ga Baba ya tsallako.

"Ina ruwa zai bi?"

"Baba, keke ne zai bi, ba ruwa ba!"

"Ruwa zai riga keke. Ajiye gudumar nan."

Ya ce ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya ga ruwan sama a ƙofarmu. Sama kuwa ta ƙi! Mako uku ko ɗigo. Bitrus ya jawo tiyo ya ce ga ruwa, Baba ya kalle shi sheƙeƙe ya ce, "Ruwan tiyo maƙaryaci ne, inda ka nuna masa yake bi." Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe shi da tef ɗin awonsa.

Kafin ruwan ya zo, ya auna keken, ya auna hannun Mama, ya ma sa aka ɗaga ta zuwa kujera ya hau keken da kansa, ya tuƙa ya daki firij. Mama ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa, amma ranar na fara jin dariyarta a ƙasar nan. Ta ce, "Wannan baturen, an duba kansa kuwa?"

Da ruwan ya sauka, ya tsaya a ciki har ya jiƙe sharkaf, sannan ya kawo zane a bayan ambulan goma sha ɗaya. Gangaren bai miƙe ba, sai da ya yi kwana, kuma a tsakiya akwai wani fili shimfiɗaɗɗe. Bitrus ya ce wannan ɓarnar katako ce.

"A nan ranar safe take sauka," in ji Baba. "Ba fita kawai take so ba. Wurin zama take so."

Da Bitrus ya gama buga gangaren, filin nan Mama ta mayar fadarta. Ta sa aka ajiye mata tukunyar da aka shuka yakuwa a ciki, tana gaida duk mai wucewa da Hausa, ko ya ji ko bai ji ba. Baba yakan zo da shayinsa ya zauna, ita tana nata surutun, shi yana nasa. Ba ta sake cewa a mai da ita gida ba.

Da ya rasu a watan jiya, 'yarsa ta kawo mini walat ɗin. Hoton masai yana nan daram, amma an mayar da shi baya. A gabansa akwai hoton Mama a kan gangarenta, ta ɗaure fuska kamar mai shari'a.

Shekaranjiya aka yi ruwa, Mama ta ce in tura ta bakin ƙofa. Muka zuba ido ruwan ya gangara ta gefe, ya kauce wa filinta, ya shige kwata. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Ya bi inda baturen ya ce masa."

Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi ɗakin da ba ya yoyo, inda ranar safe take sauka. Amin.